Kileba

A Grimsby, garin masunta da jiragensu suka daina fita,
akwai gidan kula da tsofaffi bayan tsohuwar kasuwar kifi.
Nan nake aiki, wata na tara ke nan.
Nan wata kalma ta tare ni a bakin ƙofa,
na tambayi sunanta, ba ta ba ni ɗaya ba.

Clever suke rubutawa, kunnena ya ji kileba.
Na duba ƙamus ina jiran ruwan shayi ya tafasa.
Mai basira, in ji shi, mai kaifin ƙwaƙwalwa.
Na ce to, magana ta ƙare.
Ashe ko farawa ba a yi ba.

Ran Talata Misis Sowerby ta zo da karenta,
ɗan guntu, gashi buzu-buzu kamar tsumman goge daɓe.
Ya ɗauko silifa da ta jefa masa,
ta durƙusa tana shafa kansa: kileba, kileba!
Na yi turus da tire a hannu,
don ban taɓa jin an ce kare na da basira ba.

Ran Alhamis jikar Wilf Cammack, Tegan, 'yar shekara huɗu,
ta ɗaure igiyar takalminta da kanta,
ƙulli ɗaya, shi ma a karkace.
Falo ya ɗauki tafi, har da masu karkarwar hannu.
Kalmar da aka ba kare ita aka miƙa wa yarinya,
ko ɗaurayewa ba a yi ba.

Sai ran da na nuna wa Denise, shugabarmu,
awa biyu sun yi ɓatan dabo a takardar albashina.
Ta sauke tabarau, ta auna ni sama da ƙasa:
kada ka yi min kileba.
Harafi bai ƙaru ba, bai ragu ba,
amma ta fito da sanyin wuƙar mahauci.
Yanzu kuma wayon dila ce, da tsaurin ido.
Na haɗiye yawu. Awannin dai ban bar mata ba.

Mai kawo burodi ya goga motarsa da katanga.
Mai gadi ya leƙo, ya tafa sau biyu a hankali:
kai, kileba ƙwarai.
Wannan kam gatse ne,
bai buƙaci tafinta ba.

Wilf shekara arba'in ya yi a teku.
Yana da goma sha biyar ya bar allo ya kama koma.
Yakan ce, ni ban taɓa zama kileba ba, ƙanena ne mai kan karatu.
Amma in ya dubi tsuntsayen ruwa ta taga, ya shafa gwiwa,
ya ce a kwashe shanya,
to a kwashe.
Rediyo kan yi ƙarya, gwiwar nan ba ta taɓa yi ba.

Wani dare wajen ƙarfe uku na leƙa shi.
Idonsa biyu. Ya ce, yaro, yau ba na jin kileba.
Na zaci mantuwa yake tsoro,
na hau lallashi: haba, kanka ya fi na kowa a gidan nan.
Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta,
ya dafe ƙirji.
A bakin tsofaffin nan, rashin kileba rashin lafiya ne.
Gumin goshinsa ya fassara min
abin da ƙamus bai faɗa ba.

Na kira motar asibiti da yatsu masu rawa.

Kwana goma sha ɗaya ya dawo a keken guragu, ya rame,
hularsa ta ulu ta yi masa yawa.
Ya kama hannun rigata, ya ja ni kusa,
numfashinsa na warin magani:
kileba, in ji shi, kileba ɗan nan.

Ta kare ce, ko ta Tegan, ko ta mai gadi?
Na gyara masa bargo, na je ɗora ruwan shayi.
Ban tambaya ba.